Littattafan Hotuna Na Ƙananan Yara A Garin Jos: Matsayin Hoto A Tsakanin Al'ummomi Mabambanta

1.0 Gabatarwa

Littafin hotuna shi ne wanda zane ke ɗauke da rabin labari ko fiye, rubutu kuma bai wuce layi ɗaya ko biyu a shafi ba. Yaro ɗan shekara uku zuwa bakwai yakan karanta hoto tun kafin ya san baƙi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana irin littafin da ya dace da yaran Jos, ta yin la'akari da jigogi uku: mafarki da iyali da muhalli.

2.0 Hausa A Garin Jos

Haƙar kuza a farkon ƙarni na 20 ita ce ta tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da wasunsu a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta. Hausa ta zama harshen kasuwa da wasan yara, har da coci. Saboda haka yaron da ke jin Hausa a Jos ba lallai ne Bahaushe ba, ba kuma lallai ne Musulmi ba.

Fitattun littattafan Hausa na yara kuwa, kamar Ka Koyi Karatu da Magana Jari Ce na Abubakar Imam da Tatsuniyoyi Da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, an gina su ne bisa rayuwar ƙasar Hausa. Ba a musun darajarsu, sai dai ɗan Birom zai ji harshen, amma ba zai ga gidansu a ciki ba. A shekarar 1990 Rudine Sims Bishop ta Amurka ta kamanta littafin yara da madubi da kuma taga: madubi domin yaro ya ga kansa, taga domin ya leƙa rayuwar wani. Yaran Jos suna bukatar duka biyun.

3.0 Jigogi

3.1 Iyali

Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin Jos da dama bisa addini, har yaro kan tashi bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A nan hoto zai yi aikin da ziyara ta daina yi. Shafi ɗaya ya nuna kaka tana tuƙa tuwon acca, na gaba ya nuna wata tana dama fura. Wannan gida ana shirin Sallah, wancan ana shirin Kirsimeti. Ba sai rubutu ya yi wa'azin zaman lafiya ba, domin yaro da kansa zai lura cewa goyo iri ɗaya ake yi a gidajen biyu.

3.2 Muhalli

Littafin da aka kwaso daga Turai yakan nuna dusar ƙanƙara, na ƙasar Hausa kuma fili da kuka da raƙumi. Abin da yaron Jos yake gani shi ne tsaunukan Shere da duwatsun Riyom da gonakin dankalin Turawa da hazon sanyi. Akwai kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda suke da kyan gani amma suna da hatsari ga yara. Mai zane zai iya nazarin dabbobi a gandun namun daji na Jos, da gumakan Nok a gidan tarihi da aka buɗe a 1952.

3.3 Mafarki

Mafarki yana ba mai zane damar ƙetare iyakar zahiri, kamar yarinya ta hau shamuwa ta ratsa saman gari. Labarin mafarkin Annabi Yusufu na rana da wata da taurari goma sha ɗaya sananne ne a gidan Musulmi da na Kirista. Tun da Musulunci bai yarda da zana annabawa ba, sai a tsaya ga zanen sararin samaniya, kowane gida ya karɓi littafin.

4.0 Matsalar Harshe

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi fara koyarwa da harshen uwa ko na muhalli. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekara shida na firamare, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi. Wannan sauyi ya ƙara ɗora nauyin raya harsunan gida a kan iyaye da mawallafa. Littafin hotuna yana da sauƙi ta wannan fuska, domin zane ɗaya zai ɗauki rubutun Hausa tare da na Birom ko Ngas ko Tarok, sai kuɗin bugu ya ragu. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu ya bi wannan hanya a intanet, kuma akwai labaran Hausa a cikinsa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa fassara kaɗai ba ta wadatar ba idan zanen baƙo ne. Ya kamata marubuta da masu zane na Jos, tare da malaman harsuna na Jami'ar Jos, su samar da littattafan da aka zana daga unguwannin garin. Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba ganin maƙwabcinsa a littafi zai yi wuya ya ɗauke shi baƙo idan ya girma.