Dalilin da ya sa ake ƙwace kilishi a filin jirgi

Bahaushen da ya sauka Manchester ko Birmingham da ƙunshin kilishi yakan ga kwastam sun ƙwace, ya ɗauka wulaƙanci ne. Tsoron boru ne, cutar da ke kama baki da kofaton dabba, wadda nama kan iya ɗauko ta.

A 2001 ta ɓulla a wata gonar aladu a Northumberland ta Ingila, inda ake ba su ragowar abinci ba dafawa. Tumakin da suka kamu suka bi ta kasuwar Longtown, cutar ta watsu. Taya da takalmi ma suna ɗaukarta. An hallaka dabbobi sama da miliyan 6.

Shi ya sa yau a Ingila, in makiyayi ya shigo da sababbin shanu ko tumaki, sai garken ya kwana 6 kafin a fitar da wata dabba.