Queenstown: Garin da ke sayar da fargaba, wa ke biyan kuɗinta?

A watan Nuwamban 1988, wasu matasa biyu, AJ Hackett da Henry van Asch, suka fara karɓar kuɗi a hannun mutane domin su ɗaura musu igiyar roba a ƙafa su diro daga tsohuwar gadar kogin Kawarau mai tsayin mita 43. Wannan wasa da ake kira bungy shi ne ya fito da sunan Queenstown, wani ƙaramin gari a kudancin New Zealand, har ya zama matattarar masu neman abin da zai sa zuciyarsu ta buga.

Garin yana bakin tafkin Wakatipu mai tsawon kusan kilomita 80, duwatsun Remarkables kuma na tsaye a kansa. Neman zinare ne ya fara tara jama'a a wurin a 1862. A yau baƙo na iya dirowa daga jirgin sama da lema, ko ya shiga kwale-kwalen inji mai tsananin gudu a matsatsin kogin Shotover, ko ya yi zamiya a kan dusar ƙanƙara a Coronet Peak tsakanin Yuni da Satumba, lokacin hunturun can. Sai dai duk wannan annashuwa tana tsaye ne a kan wasu shawarwari na siyasa da ba a ganin su a hotuna.

Idan ka ji rauni, wa zai ɗauki nauyi?

Tun 1974 New Zealand ke da tsarin diyyar haɗari na hukumar ACC. Duk wanda ya ji rauni a cikin ƙasar, ɗan ƙasa ne ko baƙo, hukumar na taimaka masa da kuɗin jinya ba tare da an tsaya neman mai laifi ba. Amma a madadin haka, doka ta toshe kusan duk hanyar kai ƙara kotu don neman diyyar rauni. Wannan ya sauƙaƙa wa kamfanonin wasannin kasada, domin ba sa zaman ɗar-ɗar na shari'ar da za ta iya durƙusar da su. Kuɗin kuwa daga aljihun ma'aikata da masu ɗaukar aiki da masu motoci da sauran masu biyan haraji yake fitowa. Baƙo ya sani cewa tsarin bai shafi rashin lafiya ba, bai kuma shafi jinyar da zai ci gaba da ita bayan ya koma gida ba, saboda haka inshorar tafiya ba abin wasa ba ce.

Inda babu tsoron kotu, sai doka ta tsaya da ƙafarta. Bayan da wata matashiya 'yar Birtaniya ta nutse a kogin Kawarau a 2008, mahaifinta ya rubuta wa Firaminista John Key wasiƙa, aka yi bincike, a 2011 aka kafa dokar da ta wajabta wa kamfanoni yin rajista da tantance matakan kariyarsu.

Ina masu yi wa baƙi hidima ke kwana?

Matsakaicin farashin gida a yankin ya haura dalar New Zealand miliyan 1, kuma gidaje da dama an mayar da su masaukin baƙi na 'yan kwanaki ta Airbnb. Masu wankin kwanuka da gyaran ɗakunan otal, waɗanda yawancinsu matasa ne 'yan ci-rani, su ne ke ɗanɗana kuɗarsu. A 2023 an yi zanga-zanga a garin bayan rahotannin cewa wasu ma'aikata a mota suke kwana cikin sanyi.

A 2018 gwamnatin Jacinda Ardern ta hana yawancin baƙi sayen gidajen da aka riga aka gina, ban da 'yan Ostireliya da Singafo. Kafin nan an yi ce-ce-ku-ce kan attajirin Amurka Peter Thiel, wanda aka bai wa shaidar zama ɗan ƙasa a 2011 alhali kwana 12 kacal ya yi a cikinta, ya kuma sayi makeken fili kusa da Wanaka a gundumar guda. A 2022 hukumar gundumar ta ƙi amincewa da masaukin alfarma da ya so ginawa a wurin.

Ruwa da hanya fa?

Mazauna gundumar kimanin dubu 50 ne, amma harajin gidajensu ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na nauyin ruwa da magudanai da hanyoyin da ɗimbin baƙi ke amfani da su. A ƙuri'ar raba gardama ta 2019, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a sun goyi bayan sanya wa baƙi harajin kwana. Aiwatar da shi na buƙatar dokar majalisar ƙasa, sai annobar korona ta zo maganar ta lafa. A Satumban 2023 ƙwayar cutar gudawa ta ɓulla, aka umarci jama'a su riƙa tafasa ruwan sha na tsawon makonni, aka kuma gano cewa wata tashar tace ruwa ba ta da na'urar da za ta tare irin wannan ƙwaya. A Oktoban 2024 gwamnati ta ƙara harajin shigowar 'yan yawon buɗe ido daga dala 35 zuwa 100, amma kuɗin baitulmalin ƙasa suke shiga.

Duk da haka akwai abin koyi. Kamfanin Shotover Jet mallakin ƙabilar Ngai Tahu ne ta 'yan asalin ƙasar, wato Maori, wadda gwamnati ta biya diyyar dala miliyan 170 a 1998 saboda ƙasarta da aka ƙwace. Ribar kowane tikiti na komawa ga jikokin waɗanda aka raba da yankin. Mai niyyar ziyara yana iya tambayar wa ke da kamfanin da zai bai wa kuɗinsa, yana da rajista ko babu, kuma gidan da zai sauka ba wani ma'aikaci aka tasa daga cikinsa ba.