Daga Darroro zuwa Jebba: Yadda haɗurran jiragen ruwa suka sauya hanyar Arewa

A watan Yunin 1827 wani Bature ɗan shekara 23 mai suna Richard Lander ya sauka a Darroro, garin da masarautar Jama'a ta samo sunanta na Jama'an Darroro, kusa da inda Kafanchan take a yau. Ya baro Sakkwato ne bayan rasuwar maigidansa Hugh Clapperton a watan Afrilun shekarar. Ya bi ta Kano, ya yanko kudu ta Zangon Katab, da niyyar isa Panda ya nemi jirgin da zai gangara da shi kogi har teku. Kafin ya ɗaura kayansa sai mahaya dawaki daga Zazzau suka cim masa, suka juya da shi Zariya.

Kafanchan ba ta da mashigin jirgin ruwa, kuma tsakaninta da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Duk da haka, abin da Lander ya tafi nema, wato hanyar ruwa da za ta haɗa ƙasar Hausa da teku, ya ci jirage da rayuka na tsawon shekaru. Asarar da aka yi ta tafkawa a kan Kogin Kwara tana cikin dalilan da suka sa aka koma ga layin dogo, kuma layin dogon ne ya raya Kafanchan.

Busa, 1806

Mungo Park yana cikin waɗanda suka fara biyan kuɗin wannan nema. A watan Nuwamban 1805 ya tashi daga Sansanding, a ƙasar Mali ta yau, cikin jirgin da ya harhaɗa daga tsofaffin kwale-kwale biyu, ya sa masa suna Joliba. Daga cikin Turawa kusan 40 da suka taso tare da shi daga Gambiya, biyar kacal suka rage a lokacin, har da shi kansa. Sauran zazzaɓi da atuni sun gama da su tun a hanya.

Jirgin ya wuce Tumbutu da Gao ba tare da Park ya tsaya gaida sarakunan bakin kogi ko biyan kuɗin fito yadda aka saba ba. A Yawuri ja-gabansa, Amadi Fatuma, ya sauka domin yarjejeniyarsu ta ƙare a nan. Daga nan jirgin ya shiga gangaren Busa, inda kogi ke matsewa tsakanin duwatsu, ba tare da wanda ya san ruwan ba. Jirgin ya maƙale a kan dutse, aka yi musu ruwan kibau da masu daga gaɓa, Park da abokansa suka faɗa ruwa suka nutse. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun bayan kammala madatsar a 1968.

Albarka da Kwara

Lander bai haƙura ba. A 1830 ya dawo tare da ƙanensa John, suka shiga kwale-kwale daga Busa, suka gangara har suka fito teku ta reshen Nun a watan Nuwamba. Tafintansu wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa suke kira William Pascoe. An taɓa sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a teku, daga baya ya yi aikin jirgi a rundunar ruwan Ingila. Yana cikin Hausawan farko da tarihi ya ajiye sunansu a matsayin ma'aikatan manyan jiragen da iska ke turawa.

Da labarin ya kai Liverpool, wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya shirya jirage biyu masu injin tururi, aka kuma haɗa su da jirgi mai filafilai, Columbine, wanda zai tsaya a bakin teku da kaya. Aka sa wa babban suna Quorra, wato Kwara. Ƙaramin, wanda aka ƙera da ƙarfe, aka kira shi Alburkah, daga kalmar albarka. Sun shigo kogin a watan Oktoban 1832, daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa. Quorra ya hau kan tudun yashi ya zauna watanni yana jiran damina, yayin da zazzaɓi ke ɗaukar ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya. Alburkah ya kai Rabba a ƙasar Nufe a 1833, amma ciniki bai yi armashi ba. Daga cikin Turawa 48, tara ne suka tsira. Abubakar ya rasu a wannan tafiya. Shi kuwa Lander an harbe shi a yankin Neja Dalta, ya cika a tsibirin Fernando Po a watan Fabrairun 1834.

Gwamnatin Ingila ta sake gwadawa a 1841 da jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan. Cikin Turawa 145 da suka shiga kogin, fiye da 40 sun mutu da zazzaɓi. A 1854 ne abin ya sauya, lokacin da likita William Baikie ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Binuwai, yana ba kowa kwini a kullum, ya dawo bai rasa mutum ko ɗaya ba. Wannan ya rage barazanar cuta, amma duwatsun kogin da tudun yashinsa suna nan yadda suke.

Dayspring a dutsen Jebba

A 1857 Baikie ya dawo cikin jirgin tururi mai suna Dayspring, da niyyar ƙulla hulɗar ciniki da garuruwan bakin kogi da kuma Daular Usmaniyya. Tare da shi akwai Samuel Ajayi Crowther da wani hafsan sojan ruwa, Laftanar John Glover, mai aikin auna kogi da zana taswira. Sun wuce Rabba lafiya. Ranar 7 ga Oktoba, a kusa da babban dutsen nan na Jebba, jirgin ya shiga mashigin da ƙarfin ruwa ya rinjayi injinsa. Ruwa ya kwashe shi ya maka a kan dutsen da ke ɓoye a ƙarƙashi, cikinsa ya fashe, ya karkace.

Yadda jiragen wancan zamani suke ya bayyana dalilin. Injinsu ƙarami ne, itace ake cusa wa tukunyar tururi, kuma ƙarfin da za ta bayar ya danganta da bushewar itacen. Jirgin da ke hawa sama dole gudunsa ya fi na ruwa. Da zarar gudun biyu ya yi daidai, jirgi ya daina ci gaba, in kuma ruwa ya rinjaye shi, kogi ne ke tuƙi. A watan Oktoba ruwa na cike, don haka duwatsun da masunta ke gani da rani duk sun nutse, kuma babu taswirar da ta nuna su.

Ba a rasa rai ba, amma an rasa jirgin da yawancin kayan da ke ciki. Mutanen suka kafa sansani a bakin kogi, suka dogara da kwale-kwalen Nufawa da kasuwanninsu. Sai da suka yi shekara guda kafin wani jirgi, Sunbeam, ya iso a 1858. Ragowar ƙarafan Dayspring suna ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba, kuma suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Abin da ya fito daga tarkacen

Wannan zaman dole ya haifar da abubuwa biyu da suka shafi duk ma'aikacin gwamnatin tarayya. Na farko, Baikie ya ƙi komawa gida. Ya zauna a mahaɗar Kwara da Binuwai, inda ya kafa matsugunin da ya zama Lakwaja a wajen 1860. Ya koyi Hausa, ya yi fassara da ita, ya kuma yi tattaki ta Zariya har Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a watan Disamban 1864. Lakwaja ce ta zama wurin da aka ayyana mulkin Ingila a kan Arewa ranar 1 ga Janairun 1900, kuma a can hedikwatar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida take a yau.

Na biyu, Glover ya yi ta zirga-zirga a ƙasa tsakanin Jebba da Legas domin neman agaji, kuma a waɗannan tafiye-tafiye ne ya saba da Hausawan da suka kuɓuce daga bauta. Da ya zama mai riƙon Legas a 1863, da irin waɗannan mutane ya kafa ƙaramar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya tana lissafin tarihinta ne daga wannan shekara.

Hanyar teku ma ba ta bar cin jirage ba. A daren 18 ga Maris na 1907, jirgin kamfanin Elder Dempster da aka raɗa wa suna Jebba, yana dawowa daga Afirka ta Yamma, ya hau duwatsun Bolt Tail a kudancin Ingila cikin hazo. An fitar da duk mutum 155 da ke ciki da igiya zuwa kan tsauni, amma jirgin bai sake tashi ba.

Dogo ya gaji kogi

Ko da jirage suka ƙaru a kan Kwara, matsalar ba ta gushe ba: manyan jirage na iya hawa ne a 'yan watannin cikar ruwa, sauran shekara sai ƙanana da kwale-kwale. Babban layin dogon farko na Arewa, wanda aka fara a 1907, an ɗora shi ne a kan kogi, domin daga Baro ya tashi ya isa Kano a 1911. Ba a jima ba layin Legas ya haɗu da shi a Minna, ya kwashe yawancin kayan. A Jebba, jirgin fito ne ke ƙetarar da taragai har sai da aka kammala gada a 1916.

Layin gabas ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya iso Kafanchan, aka haɗa shi da Kaduna da Jos a wajen 1927. Kuzar Jos da gawayin Inugu da cittar ƙasar Jaba suka sami hanyar da ba ta jiran damina. Ma'aikatan reluwe daga kowane sashe na ƙasar suka tare a mahaɗar, kasuwa ta buɗe, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan a shekarun 1930. Shekara ɗari bayan an juya Lander daga Darroro, hanyar teku da ya nema ta ratsa ta yankin, a kan ƙarfe.

Kogin da bai sauya ba

Ruwan Kudancin Kaduna duk can yake gangarawa. Wanda ke zuba a Matsirga yana bin Mada zuwa Binuwai. Gurara, wadda ake janyo ruwanta zuwa Abuja, tana shiga Kwara. Kogin Kaduna kuwa yana haɗuwa da Kwara a daura da Patigi. A waɗannan wurare har yanzu jirgin ruwa ne motar kasuwa da ta biki, kuma har yanzu ana mutuwa.

A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ya tsage a kusa da Wara ta Jihar Kebbi, a kan tafkin da ya haɗiye Busa, da mutane fiye da 150 a ciki. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 sun rasu a yankin Patigi suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. A farkon Oktoban 2024 wani jirgi ɗauke da masu zuwa Mauludi ya kife a Gbajibo ta Ƙaramar Hukumar Mokwa, sama da madatsar Jebba. Dalilan da ake ambata kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, tsufan jirgi da rashin rigar kariya. In aka cire rigar kariya, babu wanda matuƙan ƙarni na 19 ba su sani ba.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata ya dami masu riƙe da fayil a ma'aikatu. Ana iya faɗin ranar da Dayspring ya fashe, da sunayen manyan da ke ciki, da jirgin da ya zo ceto, saboda an rubuta. A yawancin haɗurran yau, adadin waɗanda suka shiga jirgi ma ƙiyasi ne, domin ba a rubuta sunan fasinja a mashigi. Shi ya sa alƙaluman hukuma da na mutanen gari ke saɓawa, kuma iyalai da dama ba su da takardar da za su nuna cewa nasu yana ciki. Inda babu lissafi, babu diyya, babu inshora, babu kuma hujjar da za a kare kasafin kuɗi da ita a gaban majalisa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa tana aiki tun 1997. An ƙaddamar da tashar ruwa ta Baro a watan Janairun 2019, an kuma ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023. Abin da mashigai ke buƙata bai kai waɗannan tsada ba: littafin rajista da magatakarda a kowane mashigi, alamar iyakar lodi a jikin jirgi, alamomi a kan duwatsu da kututture, hana tashi bayan magariba, da sanya sarakunan ruwa cikin aikin, tunda su suka san inda kogi ke ɓoye haƙoransa. Park ya shiga gangaren Busa bayan ja-gabansa ya sauka, Dayspring kuma ya shiga mashigin Jebba ba taswira.

Ruwa zai sake cika a watan Satumba da Oktoba, lokacin da kaya ke yawa, duwatsu kuma ke nutsewa. Takardun da za su sa a kai rigunan kariya da ma'aikata mashigan Wara da Patigi da Gbajibo kafin lokacin suna wucewa ne ta teburan Abuja, kuma ranar da aka sa musu hannu ita ce za ta nuna ko za su isa kafin cikar ruwa ko bayanta.