Masu koyon tafiyar da asibiti sun taru a Yamai, Abala na jira

Tun da aka rage kuɗin magani da rabi a asibitocin gwamnati a watan Satumba na 2024, talakawa ke ta sa albarka, kuma sun yi gaskiya. Abin da ya dame ni shi ne ba a cika tambayar wanda zai riƙe lissafin a wuri irin Abala ba. Tun tsarin Bamako na 1987, kuɗin da majinyaci ke miƙawa a bakin taga da su ake sake sayo magani. In sun ragu, cikon gwamnati kuma bai zo kan lokaci ba, kanta za ta bushe. Mun ga haka bayan 2006, da aka ce kyauta za a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5: takardun neman biya suka yi ta taruwa a Yamai wata da watanni, kamar yadda masu binciken cibiyar LASDEL suka nuna dalla-dalla.

Riƙe wannan lissafi aikin mai gudanarwa ne, kuma muna horar da irinsu. Sai dai idan babban hutu ya zo, ɗaliban da ke karatun gaba da digiri a fannin lafiyar al'umma da tafiyar da asibiti galibi manyan asibitocin Yamai suke nufa don sanin makamar aiki. A can ɗalibi zai zauna kusa da shugaban wani sashe, ya bi taro, ya rubuta rahoto, ya koma makaranta da sa hannu.

A ganina tushen matsalar shi ne har yanzu ba mu ɗauki gudanarwa a matsayin sana'a mai zaman kanta ba. Abala ta zama gunduma a 2011, shekara ta zagayo sai ga ƴan gudun hijirar Mali sun sauka a sansaninta. Nauyi ya ninka, amma salon bai sauya ba: a ɗauko likitan da ya yi shekaru yana koyon jikin ɗan Adam, a ce shi ne shugaba, sai ya koyi kasafin kuɗi da rabon ma'aikata ta hanyar faɗi-tashi. Makarantu ma sun fi son tura ɗalibi inda malami zai leƙa shi cikin sauƙi, ba sai an nemo kuɗin mota da masauki ba. Ga kuma lissafin ɗalibin kansa: a Yamai ne manya za su san fuskarsa ranar rabon aiki.

Abin takaicin, hutun nan a damina yake faɗowa, lokacin da yankin Abala ya fi koyar da shugabanci. Daga Yuli zuwa Oktoba ake bi gida-gida da maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Majo, wato shugaban ƙaramin asibitin ƙauye, yana ƙirga ƙwayoyin da suka rage masa, yana duba ma'aunin sanyin firjin allurar rigakafi safe da yamma, yana tunanin ta inda man motar ɗaukar marasa lafiya zai fito in naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, alhali ruwa ya cinye hanyar Filinge. Ɗalibin da ya tsaya kusa da shi wata biyu zai gane abin da jinkirin takarda guda a ofis ke jawowa.

Za a ce tsaro, kuma ba ƙarya ba ne. Yankin na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, an hana hawa babur a farkon 2020, ba uban da zai saki ɗansa da daɗin rai. Amma ungozoma da majo suna can suna kwana suna tashi, kuma tun kafin bindiga ta fara magana ɗalibai ba sa rububin zuwa Abala. In ƙauyukan bakin iyaka sun gagara, garin Filinge, mai tazarar kilomita kamar 180 daga Yamai, bai gagara ba.

Illar tana bayyana shekaru kaɗan bayan haka. Ɗaliban nan su ne ke zama jami'an ma'aikatar lafiya masu tsara fom da ƙa'idoji, sai su tsara su daidai da asibiti mai wuta da intanet da akawu. Majon da ke shi kaɗai kuwa ya kwana yana cike rajista da fitilar waya. Gyaran bai fi ƙarfin Jami'ar Abdou Moumouni da sauran makarantun lafiya ba: a wajabta wani kaso na horon a asibitin gunduma, a biya ɗalibi kuɗin guzuri, a kuma ba shugaban gundumar ikon ba shi maki.