Abin da wayoyi ke faɗa wa juna kafin a ce "Alo"

Idan dillalin kifi a kasuwar Haɗejiya ya danna kiran intanet zuwa ga abokin cinikinsa da ke Legas, sai an ɗan jima kafin waccan wayar ta yi ƙara. A wannan ɗan tsakani ba muryar kowa da ta bi layi tukuna. Gajerun saƙonni ne kawai na'urori ke aika wa juna, na neman iso da shirya yadda hirar za ta gudana.

Kamar sallama ce a ƙofar gida. Ka aiki yaro ya ce ana sallama da maigida, ya dawo ya ce "wai yana zuwa", sannan maigida ya fito zaure. Yaron ba ya cikin zancenku, amma in bai kai saƙon ba, tsayuwa za ka yi ta yi.

Tsarin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne SIP, wanda hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a 1999, ta sabunta shi a 2002. Cikin waɗanda suka tsara shi har da Henning Schulzrinne na Jami'ar Columbia a Amurka. Wayar mai kira kan fara tura saƙon gayyata mai suna INVITE, ɗauke da sunan wanda ake nema, da adireshin da za a riƙa turo murya, da irin salon matse sauti da wayar ta iya. Amsa da lamba take dawowa: 100 na nufin ana kan nema, 180 waya na ƙara, 486 yana kan wani kiran, 200 kuwa ya ɗauka. Sai wayar mai kira ta tabbatar da ta samu, daga nan murya ta kama nata tsarin daban, wato RTP. Ƙarar nan ma da kake ji kana jira, galibi wayarka ce ke yin ta da kanta bayan ta samu 180.

WhatsApp, da ya fara kiran murya a 2015, da nasa tsarin yake aiki, amma matakan kusan ɗaya ne. In fuskar waya ta tsaya a "Calling", gayyatar ba ta isa ba. In ta koma "Ringing", ta isa. Wanda ya san wannan ba zai yi fushi da ɗan'uwansa mai noman shinkafa a Auyo ba, wai ya ƙi ɗauka, alhali kiran bai ma shiga wayarsa ba.

A fadamun Guri da Kirikasamma, inda sabis kan yi rauni, bambancin saƙonnin shiri da murya ya fi fitowa fili. Saƙonnin shiri ƙanana ne, kuma in ɗaya ya ɓata a hanya ana sake tura shi. A SIP, bayan rabin daƙiƙa, sannan a ninka jiran. Murya ba ta da wannan gata. Gunduwa-gunduwa ake yanka ta, sau da yawa 50 a daƙiƙa guda, kuma wadda ta makara ta zama shara, domin ba a dawo da kalmar da ta wuce. Shi ya sa waya za ta yi ƙara, a ɗauka, lokaci na tafiya, amma ɓangarorin biyu sai "Alo, kana ji na?" suke ta yi. Mutane kan ɗora wa waya laifi, har a kai ta wurin mai gyara a banza.

A irin wannan hali, musamman da damina, balle shekarar ambaliya irin ta 2022 da kowa ke neman labarin nasa, gara a naɗi saƙon murya a tura. Shi ba ya gaggawa: zai jira sabis ya dawo, a sake tura abin da ya ɓata, ya isa cikakke.