Yadda Siririyar Fatar Ƙarfe Ke Tsirowa A Kan Wani Ƙarfe

Sanin kowa ne cewa gwangwanin madara da baƙin ƙarfe ake yin sa, amma ba ya saurin tsatsa. Dalili kuwa shi ne an lulluɓe shi da fatar kuza, wadda sau da yawa kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. To, ta yaya irin wannan fata ke samuwa?

Ba a shafa ta kamar fenti. Ƙwayoyin zarra ne ke sauka ɗaya bayan ɗaya, ko dai ta hanyar lantarki a cikin ruwan sinadari, ko kuma daga tururin ƙarfe a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Kowace ƙwaya takan ɗan yi yawo a kan ƙarfen har ta sami mazauni. A shekarar 1958 wani masani Bajamushe, Ernst Bauer, ya kasa wannan tsirowa gida uku.

Na farko, idan ƙwayoyin sun fi manne wa ƙarfen ƙasa fiye da junansu, sai su shimfiɗu kamar tabarma, ba a fara sahu na biyu sai na farko ya kusa cika. Azurfa a kan zinariya haka take yi, domin tazarar ƙwayoyinsu kusan ɗaya ce. Na biyu, idan sun fi son junansu, sai su dunƙule su zama tsibirai, su bar gurabe a tsakani. Wannan ya fi faruwa a kan ƙarfe mai datti ko mai tsatsa. Na uku, sukan fara shimfiɗuwa, amma idan tazarar ƙwayoyin ƙarfen biyu ta bambanta, sai takura ta yi yawa, tsibirai su taso a kan shimfiɗar.

Tun da Binnig da Rohrer suka ƙera na'urar ganin ƙwayoyin zarra a Zurich a 1981, masana sun ga waɗannan tsibirai ƙuru-ƙuru.

Amfanin wannan ilimi a fili yake. Duk gurbin da aka bari a fatar kuza, ta nan ruwa da iska za su shiga, kuma tsatsar wurin takan fi sauri. Shi ya sa ake wanke ƙarfe tas kafin a lulluɓe shi. Saboda haka ɗalibi ya lura cewa ingancin fatar ya dogara ne a kan yadda ƙwayoyin farko suka zauna.