Gidan Da Ke Lafiya Shi Ma Yana Son Gyara

Yau maganata da ke ce, uwargida, ke da kike zaune lafiya da maigidanki, ba tsawa, ba yaji. Watakila ki ce, to, me ya rage mini? Da saura. Ɗakin da ba ya yoyo shi ake yi wa yaɓe tun da rani, don idan damina ta sauka aikin ba ya yiwuwa.

Kada ki ɗauka gyaran da nike nufi lalle ne da turare. Waɗannan kin riga kin iya. Ina nufin ki ƙara wa kanki sani.

Ku dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Mijinta Waziri Giɗaɗo babban malami ne, ita kuwa ba ta ce ilminsa ya ishe su su biyu ba. Ta yi ta karatu da rubutu, har ta riƙa tura jajoji ƙauyuka su koya wa mata. Sun zauna tare fiye da shekara 40.

To, mu komo gida. A Kankiya da Kusada, da an kawar da amfanin gona maza da yawa kan tafi cin rani, gida ya koma hannun mata. Nan ne ake gane matar da ta shirya. Na san wata baiwar Allah a Kusada, mijinta ba shi da abin faɗi a kanta, amma kunya takan kama ta in an miƙo mata katin asibitin ɗanta, don ba ta iya karantawa. Sai ta roƙi ƙanwar mijin, 'yar makaranta, ta riƙa koya mata bayan la'asar. Da fari kam har da dariya aka yi mata.

Wata rana da dare zawo ya kama yaron, maigida yana Kano. Ba ta ruɗe ba. Ta ɗauko ɗan littafinta inda ta rubuta da hannunta: tafasasshen ruwa lita 1 wanda ya huce, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a shafe, ba tozo. Ta haɗa, ta yi ta ba shi kaɗan kaɗan, ba ta kuwa fasa ba shi nono ba. Gari na wayewa ta goya shi sai asibiti.

A littafin nan kuma take rubuta tiyar geron da ta fita daga rumbu, da ribar ƙuli-ƙulinta. Da mijin ya komo ta buɗe masa ya gani. Tun daga ran nan ba ya sayar da ko buhu guda sai ya ce, "Uwargida, duba mana littafi tukuna."

Abu guda nike so ki kiyaye: kada ki yi karatun a ɓoye, kada kuma ki mai da shi abin gori. Ki shawarce shi tun farko, in ya fi ki karatu ki ce ya riƙa duba miki. Sau da yawa hirar dare daga nan take samo daɗi.

Ku kuma 'yan makaranta, in kun koma gida hutu, ku tambayi matan yayyenku ko akwai mai son a fara mata da baƙaƙe. Allo da alli sun isa.